Alkawarin Da Aka Yi Wa Isufu

Duk walimar da aka yi a Mitchellville sai ɗayanku ya zo ya durƙusa ya gaishe ni da Hausa, in na amsa ya ƙarasa da Turanci, ya ce shi ma yana so ya riƙa taɓa aikin nan nawa na kotu lokacin hutu, ai maimaita magana ce kawai. Ba na jin haushi. Ni ma haka na zata kafin in shiga. Kusan shekara ashirin na yi ina tafinta a kotunan Maryland da Virginia da cikin Washington. Gwiwoyi sun gaji, murya ta dushe, yanzu na ajiye. Tunda kun matsa, ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake.

Wanda ya koya min wani dattijo ne mutumin Kumasi, Alhaji Garba, yana zaune a Springfield. Hausa da Twi yake fassarawa. A wani kantin kayan Afirka a Silver Spring ya ji ina raba gardama tsakanin mai kanti da wata tsohuwa da ba ta jin Turanci, ya tambaye ni aikin me nake yi. Na ce gidan kula da tsofaffi. Ya ce in biyo shi kotu ranar hutuna. A lokacin babu jarrabawar Hausa irin wadda ake yi wa masu Sifaniyanci, sai dai wani ya tsaya maka ya ce ka iya. Watanni na yi ina zama a bencin baya, bai bar ni na buɗe baki ba. In mun shiga motarsa sai ya kunna labarai a rediyo ya ce in bi mai magana ina juyawa da Hausa, kar in tsaya, kar in koma baya. Da na fara gyara wa mai labarai zance don ya yi daɗi sai ya kashe rediyon.

"Madam Binta, ki bar kyautata magana," in ji shi. "In mutum ya yi shirme, ki yi shirme. In ya yi zagi, ki yi zagi. Ba ke aka kawo kotu ba."

Kayan aikin ba su da yawa. Wata 'yar na'ura ce kamar akwatin ashana da makirfo, sai abin sawa a kunne da za ka ba wanda ake tuhuma, kana raɗa masa abin da ake faɗa ba tare da ka dami kotu ba. Batir na ajiya, don na kotu kullum a mace yake. Ruwa, alawar tari, da takalmi mara tsini, saboda akwai alƙalin da zai bar ka tsaye tun safe har azahar. Babban kayan aikin kuwa kalmar "ni" ce. Ba ka cewa "ya ce ya yi kaza". Yadda mutum ya faɗa haka za ka faɗa. Da lulluɓina da komai na sha tsayawa gaban alƙali in ce ni na sha giya na tuƙa mota, ni na mari matata, ni na karɓi katin bankin wani. Ranar farko bakinka zai yi nauyi. Daga baya ya saba.

Masu buƙatarmu ba likitoci da injiniyoyin da kuka tashi kuna gani a gidajenku ba ne. Su Turancinsu ya fi nawa. Direbobin tasi ne, da masu kitso, da masu wanke kwanuka a gidan abinci, da iyaye mata da aka kawo renon jikoki. Kuma Hausar ba ɗaya ba ce. Na tuna wata shari'ar rikicin haya da wata 'yar Accra ke ba da shaida tana ta cewa "ya zo, ya buga ƙofa". Su a can ba sa raba mace da namiji a magana. Sai da na nemi izinin alƙali aka tambaye ta, ashe matar mai gidan take nufi. Mutumin Nijar zai ce maka kaso yana nufin kurkuku, ya ce duwan yana nufin kwastan. Ga kuma "to". Alƙali zai tambayi mutum ko ya yarda, ya ce "to", alhali abin da yake nufi shi ne ya ji. Dole ka ce wa kotu amsar ba ta fito fili ba, a sake tambaya. Duk wannan da sauƙi. Wanda nake so ku ji shi ne na Isufu.

Isufu mutumin Maraɗi ne, ya haura arba'in, yana loda tsofaffin motoci a kwantena ana kai su Kwatano. Ba shi da kamfani, ɗan kwadago ne mai ƙarfi da ya iya ɗaure mota huɗu a inda wani zai sa uku. Aka gano wasu motocin na sata ne, aka kama shi da wasu. Matarsa Rakiya tana kitso a Silver Spring, suna da 'ya'ya biyu. An kira ni gidan yarin da ake tsare da shi don in fassara masa yarjejeniyar da masu gabatar da ƙara suka kawo. Lauyarsa wata Ba'amurkiya ce baƙar fata mai suna Denise, cikin lauyoyin da gwamnati ke ba marasa hali.

Ɗakin ƙarami ne, tebur a manne da ƙasa, sanyi kamar cikin firij. Kafin a fara sai ya dube ni ya ce, "Hajiya, wanda ke tuhumata gwamnati ke biyanshi. Wagga ma an ce gwamnati ke biyanta. Ke wa ke biyanki?"

Na juya na faɗa wa Denise, don ƙa'ida ce duk abin da aka furta a ɗakin kowa ya ji shi. Ta yi dariyar gajiya ta ce a gaya masa ni ma gwamnati ke biyana. Na gaya masa. Ya girgiza kai kawai.

Yarjejeniyar ga yadda take. Zai amsa cewa ya loda motocin yana sane da na sata ne. Zai haƙura da shari'a gaban masu taya alƙali yanke hukunci, ba shaidu, ba tambayoyi. Ya kuma san in ya gama zaman za a mai da shi ƙasarsa. Su kuwa masu ƙara sun yi alkawari biyu: ranar hukunci za su roƙi alƙali ya ba shi mafi ƙanƙanta, shekara biyu da rabi, kuma ba za su ce shi ne shugaban ƙungiyar ba. Layi layi muka bi, shafi bayan shafi, har la'asar. Akwai wurin da aka rubuta cewa alƙali ba ya cikin alkawarin, yana iya ƙarawa. Denise ta sa na maimaita masa wannan har sai da ya faɗa da bakinsa.

"Na ji, alƙali bai yi alkawari ba," in ji shi. "To su, in sun ce, sun ce?"

Denise ta ce in sun sa hannu doka ta ɗaure su.

Ya dubi alƙalamin. Sai ya rage murya. "Hajiya, ke mi kika gani? In sa?"

Na fassara wa Denise.

"Ba ita nike tambaya ba. Ke nike tambaya, ke 'yar'uwata ce."

Na fassara wannan ma. Abin da ba ku sani ba kenan game da aikin nan. Mutum zai ji harshen uwarsa a bakinka bayan watanni yana kulle, ya ɗauka ya sami nasa, kai kuma an rantsar da kai ba za ka ba shi shawara ko ta kalma ɗaya ba. Denise ta yi masa bayanin abin da zai iya faruwa in an je shari'a aka kayar da shi. Ya yi bisimilla ya sa hannu.

Ranar hukunci, a wata kotu da ba zan faɗi sunanta ba, na lura wanda ya zauna a teburin masu ƙara ba shi ne wanda ya sa hannu ba. An yi wa wancan canjin wurin aiki, aka miƙa wa wani matashi fayil ɗin. Na sa wa Isufu abin kunne, na zauna a gefensa. Rakiya tana bencin baya ita kaɗai, ba ta da abin kunne, Turancinta kuma na shago ne.

In kana fassara kai tsaye, kalma uku ko huɗu kake bayan mai magana. Ba ka san inda jimlarsa za ta ƙare ba sai ka iso tare da ita. Matashin ya miƙe gaban alƙali, mace ce, ya fara da maganar motocin da masu su, ina bi ina raɗawa. Sai na ji bakina yana cewa, "Wannan mutumin da ke gabanki shi ne ya shirya komai, shi ne shugabansu, don haka muna roƙon kotu ta ɗaure shi shekara biyar."

Isufu bai kalli mai ƙara ba. Ni ya juyo ya kalla, don a muryata ya ji. Ya ce da ƙarfi, har masu gadi suka matso, "Hajiya, mi kika ce?"

Denise ta riga ta miƙe. Ta ce ba ta yarda ba, an saɓa yarjejeniya, a rubuta cewa ta faɗa a nan take. Matashin ya shiga juya takardu, kunnuwansa suka yi ja. Da ya sami wurin sai ya ce gwamnati tana nan kan abin da ta sa wa hannu, amma dai kotu ta ji gaskiyar lamarin. Na fassara wannan ma. Alƙaliyar ta ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ita ta karanta rahoto tun kafin ta shigo, maganar mai ƙara ba ta canza mata komai ba. Ta ba shi shekara biyar.

Wannan ita ce shekarar da na fi shan wuya a sana'ar. Ku sani, mai buga bayanan kotu Turanci kaɗai yake rubutawa. Hausar da tafinta ya raɗa ba ta shiga ko'ina. Cikin mako biyu magana ta zaga cewa Binta ce ta gaya wa Isufu shekara biyu da rabi don ya sa hannu, wai ni da gwamnati bakinmu ɗaya. Yayan Rakiya, wani direban tasi da ake kira Alhaji Mamman, ya tare ni a kantin nan na Silver Spring ina zaɓen busasshen kifi.

"Hajiya, ki ji tsoron Allah," in ji shi, gaban mutane. "Mi ke cikin takardar nan? Mi kika gaya mishi a kaso?"

Na ce, "Alhaji, ku tambayi lauyarsa, ni ba ni da ikon faɗa."

Ya ce ai dama ya san haka zan ce.

Na buga wa Alhaji Garba waya, lokacin jikinsa ya fara rauni, yana shirin komawa Kumasi. Ya ce, "Kar ki je gidan kowa yin bayani. Abin da aka faɗa a ɗakin nan sirrin Isufu ne, ba naki ba. Ki yi shiru ki ci gaba." Na yi shiru. Mutanenmu suka fara ce wa lauyoyinsu a nemo musu wani tafinta. Ya kuma zo daidai da lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, kotuna suka rage kashe kuɗi, ƙananan shari'u aka koma yin su da tafinta ta waya daga wata jiha. Sai in yi mako ban sa ƙafa a kotu ba. Na koma gidan tsofaffi ina ɗaga mutane daga gado, a nan na ƙarasa gwiwoyin. Ranar idi na shimfiɗa dardumata, matan da muka yi shekaru muna sahu ɗaya suka matsa gaba.

Denise ta ɗaukaka ƙara. A kotun sama babu aikin tafinta, don wanda aka ɗaure ba ya zuwa. Lauyoyi ne da rubuce-rubuce da jira. An kai Isufu wani kurkuku can cikin duwatsu, tafiyar yini guda a mota, don haka aikina ya zama na waya. Denise tana ofishinta, ni ina kicin ɗina, shi yana can ana jin ƙarar ƙofofin ƙarfe a bayansa. Ya ce a farko ba ya so a sa ni. Denise ta nemi wani mai Hausa da kotu ta yarda da shi ba ta samu ba, ta gaya masa ko ni ko babu. Ya haƙura. Ba ya gaishe ni, ni ma ba aikina ba ne in nemi gaisuwa. Kusan duk kiran abu ɗaya nake faɗa: "Har yanzu ba su ce komai ba." Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya wuce, wani sanyin ya sake shigowa, ina faɗin wannan jimlar.

Da hukuncin ya fito Denise ta karanto masa muhimman wuraren, ina juyawa. Alƙalan sama sun ce mutumin da ya ajiye haƙƙinsa na shari'a saboda alkawarin gwamnati, dole a cika masa alkawarin, ko wanda ya yi shi ya tashi ko yana nan, don ofishin ɗaya ne. Sun ce ba su ga laifin alƙaliyar ba, kuma ba sa musun cewa ta yi adalci a zuciyarta, amma abin da kunne ya riga ya ji ba a goge shi. Saboda haka sun soke hukuncin, a sake zama gaban wani alƙali dabam, masu ƙara kuma su faɗi abin da suka yi alkawarin faɗa.

"Wato a koma farko?" in ji Isufu.

Denise ta ce ba farko ba, amsa laifinsa tana nan, ranar hukunci kaɗai za a sake. Ta tuna masa sabon alƙalin ma ba dole ba ne ya bi roƙon masu ƙara.

Ya ce, "A sake ɗin. Na gaji."

Kafin a sa rana, a ɗauko shi daga can, a bi da shi ta gidajen yari biyu, wasu watannin sun tafi. Ranar da aka shigo da shi ya haura shekara uku a kulle in an haɗa da zaman da ya yi kafin hukunci. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Wata mace ce ta zo a madadin masu ƙara. Ta miƙe da takarda a hannu ta karanta, ba ta ɗaga kai ba: gwamnati tana roƙon shekara biyu da rabi, ba ta da abin ƙarawa. Ta zauna. Abin da aka yi shekaru ana jira kenan, bai kai tsawon sallamar waya ba.

Alƙalin, wani dattijo mai magana a hankali, ya tambayi Isufu ko yana da abin cewa. Ya miƙe, na miƙe tare da shi.

"Na loda motocin," in ji shi, ina mai da shi Turanci. "Na faɗa tun farko, ban canza ba. Ni maganata guda ce. Wanda ya canza tashi maganar, ina yake? Na so in gan shi yau."

Alƙalin ya ce wannan lauyan ba ya cikin shari'ar yanzu. Ya ce abin da ya faru bai kamata ya faru ba, kuma ba shi da ikon mayar wa mutum da watannin da suka wuce. Ya yanke shekara biyu da rabi, ya ce an riga an cinye su. Masu gadi suka fita da Isufu ta ƙofar gefe.

A baranda muka tarar da Rakiya tsaye da wata babbar jaka a gabanta. Tun ranar hukuncin farko ba ta yi min magana ba. Ta dube ni, ta dubi Denise.

"Hajiya, ki tambaye ta, mun ci ko mun faɗi?"

Na tambaya. Denise ta ce mun ci. Na ce, "Mun ci."

"To ta wace ƙofa zai fito?"

Denise ta ajiye fayilolinta a kan benci. Ta ce kamar yadda ta yi bayani a baya, ba zai fito ta nan ba. Jami'an shige da fice suna jiransa a ƙasa, za su riƙe shi makonni, wataƙila watanni, sannan su sa shi a jirgi zuwa Yamai. Na faɗa yadda ta faɗa, ban rage ba. Rakiya ta ce ta sani, an gaya mata, ta dai ce ko Allah zai sa. Ta tambaya ko za a karɓi jakar a ba shi. Denise ta ce ba yau ba, amma kafin tafiyarsa ana yarda a kai masa jaka ɗaya, za ta sanar da ita wurin da ranar.

Rakiya ta sunkuya ta zuge jakar. Rigar sanyi ce mai kauri a sama, sabuwa da takardar kanti a jiki, da hula, da safar hannu, da takalmin dusar ƙanƙara. Ta daɗe tana dubansu.

"Kayan ƙasar nan na zubo mishi," in ji ta. "Sai in je in canza su da na zafi."

Ta rufe jakar, ta rataya a kafaɗa, ta nufi lif.